Gyaran wutar gidan Gwaggo a Yelwa: abin da muka tarar a bango da silin

Litinin, 7 ga Afrilu 2025

Tun da azumi Gwaggo ta aiko a kira ni, na ce a bari sai bayan sallah. Yau da hantsi muka shiga gidan ni da yarona. Gidan gado ne a unguwar Yelwa, nan Garwa: ɗaki bakwai, kicin, banɗaki biyu, da shagon tela a bakin ƙofa. Marigayi mijinta ɗaki uku ya gina. Sauran an yi ta ƙarawa ne duk sanda aka yi aure ko aka samu ɗan haya, kuma kowane ɗaki da mai gyaran wutar da ya ja masa waya.

Kukanta uku ne. Kwan fitila ba ya kai wata biyu, famfon banɗakin baya yana jan mutum in ƙafarsa a jiƙe take, sannan tun watan jiya ɗakinta yana warin ƙonanniyar roba da daddare. Kowa a gidan ya ɗora laifin a kan ɗauke wuta da kawowa. Na ce mata, "Gwaggo, wutar da aka ɗauke ba ta wari. Wannan warin a cikin gidanki yake."

Mitar mai waya biyu ce. Bayan disjonktar kamfani, wato makunnin da ke yanke wuta da kansa in ta yi yawa, sai wani allon katako ɗauke da tsofaffin fis biyu na tangaran. Da na zare su, babu wayar fis a ciki ko ɗaya, an cusa jan ƙarfe mai kaurin ƙusa. Gida duka a kan layi biyu yake, kuma babu abin da zai yanke su in abu ya ɓaci. Na kashe layin ɗakin Gwaggo, na roƙe ta ta kwana a ɗakin jikokinta.

Talata, 8 ga Afrilu

Na hau silin bayan sallar asuba, don da rana ta ɗaga ƙasan kwano ba ya shiguwa. Warin na fitowa ne daga wani haɗi daidai saman gadonta. Waya huɗu aka murɗe wuri ɗaya, aka naɗe da baƙar leda irin ta cefane, aka ɗaure da salatif. Ledar ta narke ta manne, wayar ta yi baƙi, katakon da take kwance a kai ya zama gawayi kamar faɗin tafin hannu. Na daɗe ina kallonsa. Tsohuwa ce da ba ta iya tashi da sauri, ga ƙofarta a kulle take kwana.

Irin wannan haɗin shi ne abin da na fi tsoro a sana'ar nan, don babu disjonktar da ke ganinsa. Disjonkta tana yankewa ne in wutar da ake ja ta wuce ƙima, ko waya biyu suka haɗu. Haɗin da bai matsu ba kuwa, wutar da aka saba ja ita ce ke bi ta cikinsa, sai dai hanyar ta ƙuntata, wurin ya yi zafi. Zafin ya sa fuskar jan ƙarfen ta yi dauɗa, dauɗar ta ƙara ƙuntata hanya, zafi ya ƙaru. Haka zai yi ta ci wata da watanni ba wanda ya sani, sai ranar da katako ya kama.

Na ƙirga haɗi 23 a silin. Babu ko ɗaya a cikin akwatin haɗi, babu ko ɗaya da domino, wato ɗan abin haɗa waya mai sukuru. Uku sun fara ƙonewa. Na bar ma'aunin zafi a sama, da azahar yarona ya sauko da shi yana nuna digiri 57. Robar wayar gida an yi ta ne ta jure har 70, to ka ga kafin ma a kunna komai saura ƙiris ya rage mata.

Alhamis, 10 ga Afrilu

Mun bi soket da makunni ɗaya bayan ɗaya. A ɗaki biyar makunnin fitila nitir (wayar da wuta ke komawa ta cikinta) yake yankewa maimakon faz (wayar da ke kawo wuta), wato ka kashe fitila, kwan ya mutu, amma wuta na nan zaune a mariƙinsa tana jiran wanda zai canza kwai. Na sa yarona ya ɗora tasta da kansa ya ga ta kawo haske alhali makunni a kashe. Ina so abin ya zauna masa a kai, don shi ma wata rana zai tsaya shi kaɗai a ɗakin wani.

A ɗakin amarya waya mai ruwan kore da ɗorawa, wadda duk mai sana'a ya san ta ƙasa ce, mai kai wutar da ta zube cikin ƙasa, ita aka ɗora wa faz. Duk wanda ya zo gyara ya yarda da kala, ya kama ta da hannu. Soket ɗin kicin, inda ake jona firiza da hita, siririyar wayar lasifika aka ja masa.

Na kira Yaya a Duwala, babban ɗan Gwaggo, shi zai biya. Na gaya masa faci ba zai yi ba, sai an zare komai an sake. Lissafin kaya sefa 430,000. Ya yi shiru, ya ce bara ma an gyara wutar gidan da jaka goma sha biyar. Na tura masa hoton katakon nan. Bayan magariba ya turo rabin kuɗin.

Asabar, 12 ga Afrilu

Sayayya a babbar kasuwa. Waya mai kaurin 2.5 naɗi shida, 24,000 kowane. Mai 1.5 naɗi huɗu a 16,000. Bututun waya, wanda muke kira gen, naɗi biyar a 9,000. Akwatunan haɗi da domino 14,000. Duka 267,000, na cika daga aljihuna kafin Yaya ya turo saura.

Tsarin da zan bi shi ne ƙa'idar Faransa ta NF C 15-100, wadda da ita aka koya mana aiki: fitilu a kan 1.5, soket a kan 2.5, firiza da famfon injin ruwa kowa da layinsa, shagon tela da nasa.

Talata, 15 ga Afrilu

Fasa bango a ɗaki uku na farko. Ƙura kawai.

Alhamis, 17 ga Afrilu

Ba wuta tun safe, injin yanka bango bai yi aiki ba, muka koma guduma da kurfi. Lokacin ne. Dam ɗin Lagdo da ke kan Binuwai, wanda tun 1982 arewacin Kamaru ke jingine da shi, megawat 72 yake iya bayarwa, amma a ƙarshen rani ruwa yakan ja baya.

Kurfin ya tono mana wani abu. A ɗakunan da aka ƙara daga baya babu gen sam, wayar tsirara aka binne a cikin yaɓen siminti, kuma ba a miƙe ba, a karkace daga kusurwa zuwa kusurwa don a rage mita biyu. Waya a bango ko dai ta miƙe sama ko ta bi kwance, yadda mai kafa ƙusa zai iya cankar inda take. A ɗakin tsakiya ƙusar da aka rataye agogo ta yanki robar waya ta zauna a jikinta. Shekara nawa ana goge agogon nan da tsumma, Allah ne kawai ya tsare.

Asabar, 19 ga Afrilu

Yau na gano abin da ke jan mutane a banɗakin baya. Na auna tsakanin famfo da jiƙaƙƙen daɓe, injin ruwa na aiki, na samu bolt 90 da ɗoriya. Na kashe injin, abin ya sauka.

Wanda ya haɗa injin ya san ana buƙatar wayar ƙasa, amma maimakon ya kafa sanda sai ya ɗaure ta a bututun ruwa na ƙarfe. Ƙila a lokacin bututun har cikin ƙasa ƙarfe ne. Daga baya mai gyaran famfo ya yanke wani sashe da ya yi tsatsa ya sa na roba. Injin ya tsufa, wuta na zuba a jikinsa, ta bi wayar zuwa bututu, bututu kuma ba shi da hanyar zuwa ƙasa sai ta jikin mai wanka. Mutum biyu, kowa ya yi aikinsa ya tafi, babu wanda ya tambayi abin da ɗayan ya bari. Matar ɗan haya ta ce ai sun saba, da takalmin roba suke shiga, famfon kuma da tsumma busasshe suke murɗawa. Yaranta uku, ƙaramin bai kai shekara biyar ba. Na cire injin daga wuta na kai shi wurin mai gyaran naɗin inji. Sai sun yi haƙuri da guga na ƴan kwanaki.

Talata, 22 ga Afrilu

Jan sabuwar waya a ɗaki huɗu. Shuɗiyar 2.5 ta ƙare, shagon da nake saye babu, na aiki yarona ya nemo a wani wuri. Ya dawo da naɗi a 17,000.

Alhamis, 24 ga Afrilu

Na yi kuskure, kuma nawa ne. Da yaron ya ce 17,000 ya kamata in tsaya, amma hankalina na kan gama ɗakunan, na karɓa muka zura ta a ɗaki biyu. Yau ina fere baki don in sa a domino sai na ji ta yi laushi da yawa, na lanƙwasa sau uku ta karye. Na kankare da wuƙa, jan ya tafi, fari ya fito. Alminiyam ne aka shafa wa ruwan jan ƙarfe.

Ga wanda zai sayi waya, ga yadda ake gane ta. Ka kankare baki, in ka ga fari jabu ce. Ka ɗora ashana ko laita a kan sili ɗaya na wayar, alminiyam zai lanƙwashe ya zube don a digiri 660 yake narkewa, jan ƙarfe kuwa sai ya haura 1,000, ja kawai zai yi. Sannan nauyi: mita 100 na 2.5 na gaske, jan ƙarfen da ke ciki kaɗai ya ɗara kilo biyu, ban da roba. Na ɗora sauran naɗin nan a sikelin mai shinkafa da ke maƙwabtaka, ban ma buƙaci lissafi ba. Alminiyam kusan kashi 60 cikin 100 na abin da jan ƙarfe ke ɗauka yake ɗauka, ga shi yana sakin jiki a ƙarƙashin sukuru, bayan wata shida haɗin ya yi sako-sako. Da na bar ta, da na dasa wa Gwaggo irin abin da na zo cirewa, a cikin sabon gen.

Mai shagon ya ce shi ma haka aka kawo masa, kuma an yanka, ba ya karɓa. Mun zare ta duka. Asarar 17,000 da aikin kwana biyu ni zan ɗauka, ba zan sa a lissafin Yaya ba. Yarona ya tsorata yana ta ba da haƙuri, "Maigida, wallahi kwalin iri ɗaya ne." Na ce masa gaskiyarsa, kwalin iri ɗaya ne, shi ya sa daga yau ba ya biyan kuɗin waya sai ya kankare baki a gaban mai shago.

Asabar, 26 ga Afrilu

An kawo shuɗiya ta gaske, 24,000. Mun sake ja.

Talata, 29 ga Afrilu

Shagon tela. Wayarsa daga bayan soket ɗin ɗakin Gwaggo aka huda bango aka ɗauko, kuma ita ce ɗaya daga cikin huɗun da ke cikin ledar nan. Dutsen gugarsa wat 2,000 ne, kusan amfiya tara kenan a kan 220, kuma kafin sallah har tsakar dare yake guga. Yanzu na gane dalilin da warin ya tsananta da azumi.

A bayan kekensa na ga wata igiyar wuta mai filogi kai biyu. Da ita yake jona janareta a soket in an ɗauke wuta, ya ba gidan ma. Na ce masa, "Malam, wannan igiyar tana iya kashe mutum biyu. Wanda ya riƙe ɗayan kan, da ma'aikacin da ke kan falwaya yana gyara yana zaton layi a mace yake." Wutar janareta in ba a raba ta da layin waje ba komawa take yi baya, taransifoma kuma ta ɗaga ta. Ya ce yana kashe disjonkta kafin ya jona. Na tambaye shi ranar da ya tafi masallaci yaronsa ya jona fa. Ya yarda a sa masa abin sauya layi, 18,000, za su raba da Yaya. Igiyar na yanka ta a gabansa da izininsa.

Alhamis, 1 ga Mayu

Hutun ma'aikata, shaguna da yawa a rufe. Magini ya toshe ramukan bango. Shi da siminti 35,000.

Asabar, 3 ga Mayu

Sandar ƙasa. Gidan bai taɓa samun ta ba, duk da rabin soket ɗinsa masu hanci uku ne. A biyu daga ciki ma an ɗauko guntuwar waya an haɗa hancin ƙasa da nitir, don in an gwada a ga kamar akwai. Wannan ba rashin sani ba ne. Wanda ya yi ya san abin da ake nema, ya ƙera kamanninsa. Ranar da nitir ta tsinke a sama, jikin firiza zai ɗauki wuta gaba ɗaya.

Na ari na'urar auna ƙasa wurin wani abokin sana'a. Sanda ɗaya mai mita biyu a tsakar gida ta ba da om 310 (ma'aunin yadda ƙasa ke turje wa wuta), ƙasar ta bushe ƙamas. Ana neman ƙasa da 100. Muka koma gefen kwatar kicin inda ƙasa ke da laima, muka kafa uku da tazara tsakaninsu, muka haɗa su da jan ƙarfe tsirara mai 25. Ya sauko 64. Maƙwabci ya ce a zuba buhun gishiri, haka ake yi. Gishiri yana saukar da lamba a ranar, amma yana cin sandar, kuma damina biyu ta wanke shi. Ban sa ba. Daɗin auna ƙasa a wannan wata shi ne lambar da ka samu ita ce mafi muni a shekara. Kuɗin wannan sashe 62,000, ya wuce abin da na tsara da nisa don sanda ɗaya na lissafa.

Talata, 6 ga Mayu

Tablo, wato akwatin disjonktoci, ya hau bango, allon katako ya sauka. Disjonkta goma, da diferansiyal biyu masu miliamfiya 30, waɗanda ke yankewa in wuta ta fara zuba ta jikin mutum ko ta bango. Na raba gidan biyu a kansu don in ɗaya ta faɗi kada ko'ina ya yi duhu. Duka 96,000. Soket 22 da makunni 14, 47,000. Na rubuta sunan kowane layi da Hausa da Faransanci, Gwaggo ta ce a ƙara da ajami a kan na ɗakinta, aka ƙara.

Asabar, 10 ga Mayu

An kunna gida duka. An dawo da injin ruwa, famfo bai ja kowa ba.

Talata, 13 ga Mayu

Daren jiya aka yi ruwa mai ƙarfi da iska, ƙarfe ɗaya saura wayata ta yi ƙara. Diferansiyal ɗin sashen baya ta faɗi, an ɗaga ta sake faɗuwa, ɗaki huɗu ba fanka. Da safe na tarar da mutane a fusace. Ɗan haya ya ce da can duk lalacewar wayar ba ta taɓa hana su barci ba. Ƙanin mijin Gwaggo, wanda muke ce wa Baba Ƙarami, ya ja ni gefe ya ce, "Ɗana, cire wannan abin ka haɗa kai tsaye, in ya so daga baya ka duba."

A tsaye a wurin na ga yadda aka yi jan ƙarfe ya shiga cikin fis ɗin nan. Wata rana fis ya tsinke, ana zafi, dattijo ya ce a dai samu wuta yau, mai gyara ya ji nauyi ko ya ga jakarsa biyu za ta wuce shi, ya cusa. Na fahimci matsin, don ni ma na ji shi a jikina, Baba Ƙarami ba mutumin da nake iya yi wa musu ba ne. Amma mai gyaran ya san abin da dattijon bai sani ba, kuma saboda wannan sanin aka kira shi. Na ce, "Baba, ka ba ni zuwa azahar. Abin nan bai faɗi a banza ba, wani wuri wuta ke zuba."

Na sauke disjonktocin sashen duka, na riƙa ɗaga su ɗai-ɗai. Layin ɗakin ƙarshe ne. A cikin ɗakin komai sabo ne, aikin hannuna, na duba sau biyu ban ga komai ba. Sai yarona ya leƙa bayan wardirob ya ga filogi a soket, igiyarsa ta fita ta taga. Muka bi ta. Ta hau katanga, an kafe ta da ƙusa a jikin darbejiya, ta sauka a akurkin kaji inda aka rataye kwai. An yi mata haɗi biyu a hanya, duka da leda, ruwa ya cika su. Ba ta cikin lissafina don ranar da muka bi soket ba a jone take ba. Waya ce da yara ke wucewa a ƙarƙashinta kullum, kusa da igiyar shanya ta ƙarfe.

Na kira Baba Ƙarami na nuna masa. Ya taɓa gemu ya ce Allah ya kiyaye, bai sake maganar cirewa ba. Kafin la'asar abin ya sake faɗuwa sau ɗaya, wannan karon hitar da ake tsomawa a bokiti ce, jikinta ya tsage. Gwaggo da kanta ta ce a jefar.

Asabar, 17 ga Mayu

Kwana huɗu ba abin da ya faɗi, an yi ruwa sau biyu a ciki. Na bi sukurorin tablo na sake matse su. Na koya wa babbar jikar Gwaggo danna maɓallin gwaji na diferansiyal, ta riƙa yi duk farkon wata, in ta danna bai faɗi ba ta kira ni.

Kaya sun tashi 549,000, wato an haura lissafin farko da 119,000, galibi a sandar ƙasa, magini, da shagon tela. Na tura wa Yaya rasit ɗin duka. Ya ce sauran kuɗin sai ƙarshen wata.

Abin da ya rage: layin tsakar gida da akurki a cikin gen, da fitila mai murfin da ruwa ba ya shiga, kusan 30,000. Katakon silin da ya ƙone kafinta zai canza ranar Laraba, tunda Talata 20 ga Mayu hutu ne. Gwaggo ta koma ɗakinta tun shekaranjiya, ta ce in ajiye mata guntun katakon in an cire, tana so ta nuna wa ƙawarta da ke Marware, wadda ita ma ɗakinta ke wari. Na ce zan leƙa gidan ranar Alhamis, kafin nan a kashe mata layin.